Matsalolin Ƙwaƙwalwa Bayan Tiyatar Sauya wa Jini Hanya a Zuciya ga Tsofaffin da Suka Taɓa Samun Shanyewar Ɓarin Jiki

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar manyan binciken da aka gudanar kan illolin da ke samun ƙwaƙwalwa bayan wannan tiyata. Ta gano cewa tsohon da ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki yana cikin waɗanda suka fi shiga haɗari, kuma sau da yawa tsohon rauni ne ke tashi. Don haka wajibi ne a auna lafiyar ƙwaƙwalwarsa kafin a taɓa zuciyarsa.

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1967, lokacin da René Favaloro ya fara amfani da jijiyar ƙafa wajen kewaye toshewar jijiyar zuciya a asibitin Cleveland, wannan tiyata ke ceton rayuka. Sai dai kitsen da ya toshe jijiyoyin zuciya shi ne ke daskarewa a jijiyoyin wuya da na ƙwaƙwalwa. Tambayar ita ce: yaya ƙwaƙwalwar da ta riga ta ji rauni ke jure wa aikin?

2.0 Hanyar Bincike

An kwatanta ayyukan da aka wallafa daga 1995 zuwa 2013, bisa shekarun marasa lafiya, tarihin ciwonsu da irin illar da ta bayyana.

3.0 Sakamako

Roach da abokan aikinsa (1996) sun bi mutum 2,108 a cibiyoyi 24 na Amurka. Kashi 6.1 cikin ɗari sun samu matsala: kashi 3.1 shanyewar jiki ko doguwar suma, kashi 3 kuma raunin tunani, mantuwa ko farfaɗiya. Mace-mace sun kai kashi 21 a rukunin farko, alhali kashi 2 ne ga waɗanda ba su samu matsala ba. Tsufa, daskararren kitse a babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, da tarihin ciwon ƙwaƙwalwa su ne manyan alamomin haɗari.

A Johns Hopkins, Redmond (1996) ya nazarci mutum 71 masu tarihin shanyewar jiki. Kusan kashi 44 sun farka da nakasa, kuma mafi yawanta tsohuwar nakasa ce ta dawo. Hannun da ya warke ya sake mutuwa, ko harshen da ya saki ya sake yin nauyi.

Newman (2001) na Jami'ar Duke ya samu raunin tunani ga kashi 53 ranar sallama, 24 bayan wata shida, 42 bayan shekara biyar.

4.0 Tattaunawa

Hanyoyin illar uku ne. Idan likita ya matse babbar jijiya, ɓarɓashin kitse kan ɓalle ya bi jini zuwa kai. Idan ƙarfin jini ya faɗi yayin da inji ke riƙe da aikin zuciya da huhu, naman da ke gefen tsohon tabo ne ke fara galabaita. Bayan tiyata kuma, rikicewar bugun zuciya kan haifar da gudan jini.

Gold (1995) ya nuna cewa riƙe ƙarfin jini lokacin tiyata tsakanin 80 da 100, maimakon 50 zuwa 60, ya rage matsalolin zuciya da ƙwaƙwalwa. Amma gwajin GOPCABE na Jamus (2013), kan masu shekara 75 zuwa sama, bai samu bambanci mai ƙarfi ba tsakanin aiki da inji da aiki ba tare da shi ba. Wani mai bincike, Selnes, ya ƙara da cewa raunin tunani na dogon lokaci ya fi alaƙa da ciwon jijiyoyin da mutum ke ɗauke da shi tun asali.

5.0 Kammalawa

Maƙalar na ba da shawarar a rubuta ƙarfin gaɓoɓi, magana da tunanin mara lafiya kafin tiyata, a ɗauki hoton jijiyoyin wuya, a duba babbar jijiya kafin a matse ta. Da wannan bayani ne likita zai bambanta sabuwar shanyewa da tsohuwar da ta tashi, ya kuma faɗa wa iyali gaskiyar abin da ke gabansu.