Maganin Raunin Mazakuta da Tantanin Ƙwayar Halitta

A New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Douala, ba wuya a samu maganin ƙarfin maza, daga farmasi har tebur na bakin titi. Sanannun guda uku su ne sildenafil, wanda kamfanin Pfizer ya fitar da sunan Viagra a 1998, sai tadalafil (Cialis) da vardenafil (Levitra), waɗanda suka shiga kasuwar Amurka a 2003. Dukansu suna danne wani sinadari na jiki mai suna PDE5, jijiyoyin jinin gaba su saki, jini ya cika su idan sha'awa ta motsa.

Menene tantani?

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana lulluɓe da siririn tantani na maiƙo mai ninki biyu. Maganin da aka haɗiya sai ya ratsa irin wannan tantani a hanji kafin ya kai jini, sannan ya sake ratsa wani kafin ya shiga ƙwayoyin jijiya, inda PDE5 yake. Game da sildenafil, kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai ke isa jini.

Tantanin kwaikwayo

Tantanin jiki cike yake da furotin iri-iri, nazarinsa da wuya. Shi ya sa masana ke haɗa na kwaikwayo da zallar maiƙo a ɗakin gwaji. Alec Bangham na cibiyar Babraham, kusa da Kambirij a Ingila, shi ya gano a shekarun 1960 cewa maiƙon fosfolifid, idan ya haɗu da ruwa, yakan dunƙule ya zama 'yan ƙananan jakunkuna da ake kira lifosom. A kan irinsu ake zuba magani, a auna saurin wucewarsa da abin da ya yi wa tantanin.

A 2021 masu bincike na cibiyar nazarin ƙwayoyin halitta da ke Saint Petersburg a Rasha sun gwada magungunan nan uku ta wannan hanya. Sun nuna cewa ba wucewa kaɗai suke yi ba: suna shiga tsakanin maiƙon, su sauya yadda ya jeru da yanayin lantarkin da ke fuskarsa, kowanne gwargwadon ƙirarsa. Wannan sakamakon ɗakin gwaji ne, ba na jikin mutum ba.

Abin lura ga mai sha

Bambancin ƙira yana bayyana a jiki ma. Sildenafil na aiki kamar awa 4, tadalafil na iya kai awa 36. Abinci mai maiƙo da yawa yana jinkirta sildenafil da kimanin awa ɗaya, wanda kan sa mai gaggawa ya ƙara ƙwaya, ya wuce kima.

Duk waɗannan alƙaluma na magani ne na ainihi, mai sanannen awo. Ƙwayar bakin titi, ko garin gargajiya da aka cakuɗa da sildenafil a ɓoye, ba wanda ya san adadin da ke ciki. A Kamaru, ɗakin gwajin LANACOME da ke Yaoundé ke tantance ingancin magunguna.

Mai shan maganin ciwon zuciya na dangin nitret kada ya kusanci waɗannan, domin hawan jininsa na iya faɗuwa har ya halaka. Mai sikila ya fara ganin likita. Miƙewar da ta wuce awa 4 kuwa ta gaggawa ce, a garzaya asibiti, kamar Laquintinie. Raunin gaba kan zama alamar farko ta ciwon suga ko na zuciya, don haka gwaji ya fi ɓoyo.