Motar da Ba a Turawa: Tarihin Giya a Hanyar Tambuwal

Ranar da na gaya wa Kawu cewa kuɗin mota sun haɗu, bai tambaye ni launi ko kamfani ba. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa da ke Tambuwal, ya ɗago kai ya ce, "Mai kuloci, ko wagga ta raggaye?" Na ce masa otomatik nake tunani, domin ni da maiɗakina za mu riƙa tuƙa ta, ita kuwa da otomatik ta koya. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ɗana, motad da ba a turawa ba mota ta ba. In ta mace maka tsakanin nan da Kebbe, mi za ka yi?"

Kawu ya yi fiye da shekara ashirin yana jan Fijo ta haya tsakanin Sakkwato da Jega, don haka ba a yi wa maganarsa gaggawar amsa. Kuɗin kuma tarin shekara huɗu ne, idan na yi kuskure babu na gyara kuskuren. Iyayen maiɗakina a wani ƙauyen Kebbe suke, dole motar ta riƙa sauka daga kwalta. Ni aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma sana'ar ta koya mini cewa idan ka tarar da tsarin da kowa ya riƙe, ka fara binciken yadda aka yi ya zauna kafin ka ce a sauya shi. Sai na bi tarihin. Abin da na gano shi ne, a wannan hanya tamu, giyar da mutane ke yabo a kowane zamani tana bin abu biyu: ƙasar da motocin ke fitowa, da abin da bakaniken gari ya iya gyarawa.

Giyar hannu ita ce babba. Tun a shekarun 1890 kamfanin Panhard et Levassor na Faransa ya fito da akwatin giya mai haƙora da direba ke turawa da sanda. Sauya giya a lokacin aiki ne mai wuya, haƙoran na ta ƙara suna cizon juna, har sai da Cadillac ya kawo dabarar daidaita gudunsu a 1928. Tsarin bai canza sosai ba har yau: ka taka kuloci ka raba inji da tayoyi, ka zaɓi lamba, ka saki.

Otomatik ta farko da aka ƙera da yawa ita ce Hydra-Matic ta kamfanin General Motors na Amurka, wadda ta fito a ƙarshen 1939 a cikin motocin Oldsmobile. A Yaƙin Duniya na Biyu har a wasu tankokin yaƙi an sa ta. A irin otomatik da ta yaɗu daga baya, mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya. Kamar ka ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, ka kunna ɗaya, iskarta ta juya ɗayar. A nan mai ne a madadin iska. Amurkawa suna da fetur mai arha da manyan injina, ba su damu da ɗan ƙarfin da ke salwanta a cikin man ba, kafin ƙarshen shekarun 1950 mafi yawan sababbin motocinsu otomatik ne. A Turai fetur na da tsada, injina ƙanana ne, sai suka zauna a kan giyar hannu. Duniyar mota ta rabu biyu, mu kuma daga ɓangaren Turai motocinmu suke zuwa.

A ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, daidai da maƙwabtanmu Nijar da Dahomey, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Benin. Wannan ya sa motocin Faransa da Jamus suka dace da titinmu yadda suke. A 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, a daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. Gwamnati ta mayar da Peugeot, wadda muke kira Fijo, motar hukuma. Daga 404 aka koma 504, sannan 505. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Bodinga da Shagari da Tambuwal, ta wuce Aliero da Jega zuwa Yauri da Kontagora, ta cika da su: salun ta ma'aikaci, doguwa ta haya, a-kori-kura ta manomi da ɗan kasuwa. Kusan dukkansu giyar hannu ne.

A wannan zamani Kawu ya shiga tasha a matsayin yaron mota. Ya ce shekara biyu ya yi yana wanki da lodi da turi kafin maigidansa ya bar shi ya taɓa sitiyari. Abin da ake koya a lokacin duk a kunne yake da tafin ƙafa: yadda za ka ji kukan inji ka san lokacin sauya lamba, yadda za ka fita daga yashi ba tare da ka ƙona kuloci ba, yadda za ka rage gudu da giya idan birki ya yi sanyi. Batir ya mutu? A sa lamba biyu, fasinja su sauka su tura, direba ya saki kuloci, mota ta tashi. Bakanike kuwa, da ke Tambuwal ko Dogon Daji ko Jega, mota iri ɗaya yake buɗewa kullum har ya haddace cikinta. Kayan gyara suna nan a Fanteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma na wannan Fijo yana shiga waccan. Amincin da Kawu yake gani a giyar hannu, rabinsa na ƙarfen ne, rabi kuma na waɗannan mutane ne da suka kewaye motar.

A 1980 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja. Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP, Naira ta fara zubewa, sabuwar Fijo ta gagari ma'aikaci. Nan aka buɗe babin kwatano, wato tsofaffin motocin ƙasashen waje da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Wasu kan hau arewa ta Gaya da Birnin Ƙwanni, su shigo ta Kamba ko Illela. Tun daga lokacin ma'anar "sabuwar mota" ta canza a bakinmu: wadda ba a taɓa yi wa lamba a Nijeriya ba, ko da ta shekara goma a hannun wani Bature. Rukunin farko daga Turai suke, shi ya sa wasu ke ce musu Beljiyam, kuma yawancinsu masu kuloci ne: Golf, Opel, Fijo 505, daga baya 406. Bakanike ya ɗan sha wuya wajen barin kafireto ya koyi injekta, amma giyar ita ce dai wadda ya sani.

Babban sauyi ya zo ne a shekarun 2000, lokacin da dillalai suka karkata ga kasuwannin gwanjon motoci na Amurka. Honda Accord, Toyota Camry da Corolla, Pontiac Vibe da Sienna suka cika wuraren sayar da motoci. A Amurka motocin giyar hannu sun zama 'yan kaɗan ƙwarai, don haka abin da suka hau suka gaji da shi, shi ya iso mana. A gida kuma, tsarin da gwamnatin Obasanjo ta kawo a 2003 na biyan ma'aikata kuɗi a madadin motar ofis ya rage wa Kaduna babban ciniki, kuma a 2006 aka daina haɗa 504. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017, ya sauya hanyar da suke biyowa da farashinsu, amma bai sauya irinsu ba. Babu wanda ya zauna a Tambuwal ya yanke shawarar a koma otomatik. Abin da jirgin ruwa ya sauke, shi muka saya.

Sai dai motar ta riga iliminta isowa. Otomatik ta zamani kwamfuta ce ke gaya mata lokacin sauya lamba, bayan ta auna gudu da zafi da yadda aka taka totur. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, ana kiranta OBD-II, inda ake jona na'ura a karanta abin da ke damunta. Bakaniken da ya saba da kunne ya tarar da ciwon da ba ya kuka. Na ga illar haka da idona. Wani abokina ya kai motarsa gareji saboda tana fizga idan za ta shiga lamba uku. Aka juye man giyar, aka zuba wani da ba nata ba, domin a ganin mai gyaran jan mai duk jan mai ne. Bayan wata biyu ta daina tafiya gaba ɗaya. Sai da aka sayo wani akwatin giya na kwatano, kuɗinsa sun kusa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motar. Irin waɗannan labarai ne suka ɓata wa otomatik suna a garuruwanmu, alhali laifin na rashin sani ne.

A sana'armu mun san wannan. Duk manhajar da ka ga ta yi wa mai amfani sauƙi, wahalar ba ɓacewa ta yi ba, an ɗauke ta ne an ɗora wa wanda zai kula da ita. Otomatik ta sauke wa direba nauyi ta ɗora wa bakanike. Idan bakaniken bai shirya ba, nauyin kan aljihun mai mota yake dawowa.

Da na auna maganganun Kawu ɗaya bayan ɗaya, na tarar yana da gaskiya a wurare da dama. Otomatik ba ta tashi da turi, domin famfon da ke tura manta sai inji na aiki yake juyawa. Saboda wannan dalili kuma, jan ta da igiya tafiya mai nisa yana iya kashe giyar. Zafi abokin gabanta ne, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan haura digiri 40. Faifan kuloci idan ya cinye, kowane gareji zai canza shi da rana ɗaya. Shi ya sa har gobe J5 da Kanta da ke ɗaukar albasar Aliero, da Golf da ke shiga ƙauyuka da lodi har saman but, masu kuloci ne. Ga wanda motarsa ita ce gonarsa, shawarar Kawu tana nan daram.

A batun shan mai kuwa zamani ya wuce shi. Tsohuwar otomatik mai lamba huɗu ta fi giyar hannu shan fetur, amma ta yanzu mai lamba shida ko fiye ta kamo ta, wani lokaci har ta wuce. Wannan lissafi ya ƙara nauyi tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Haka kuma ƙaramar mota mai tsabta ta giyar hannu yanzu nemanta ake yi, kuma ranar da za ka sayar, masu tayawa ba su da yawa. Kayan gyaran Corolla da Camry masu otomatik su ne suka cika shaguna a Sakkwato, samarin bakanikai kuma sun fara riƙe na'urar karanta mota kamar yadda iyayen gidansu suka riƙe sifana.

Muhawarar ma tana iya ƙarewa ta wata hanya dabam. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi aikin zanen motoci a General Motors, kamfanin da ya fito da Hydra-Matic, shi ya zana siffar farko ta Chevrolet Volt mai amfani da lantarki. A 2021, yana shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, aka buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yawancin motocin lantarki ba su da kuloci, ba su da lambobin da za a sauya. Idan suka fara isowa kwatano, tambayar Kawu za ta dawo da sabuwar riga: wa zai gyara?

Na koma wurinsa na ce, "Kawu, da kuka zaɓi Fijo, don kuloci ne ko don kowa ya san cikinta?" Ya yi dariya ya ce, "Duka biyu." Na ce to ni ma wadda kowa ya san cikinta zan saya, a yau kuwa ita ce otomatik. Ya gindaya sharuɗɗa uku na karɓa: sabon batir tun ranar farko, wayar jona batir a cikin but, kuma idan damina ta yi nisa, a bar motar a bakin kwalta a shiga ƙauyen surukaina da babur. Ni kuma na ƙara biyu: ba za a zuba mata man giya ba sai wanda littafinta ya ambata, kuma na saya wa ƙanena da ke koyon gyara 'yar na'urar da ake jonawa da waya, muna zama da dare ina nuna masa ma'anar lambobin da take fitarwa.

Ranar da motar ta iso, na miƙa wa Kawu makulli. Ya ja mu daga Tambuwal zuwa Dogon Daji ya dawo, bai ce komai ba. Amma duk inda ya zo rage gudu, ina kallon ƙafarsa ta hagu tana ɗagawa tana laluben kuloci, hannunsa na dama kuma yana kai wa sandar giya. Da muka tsaya ya kashe mota, ya ce wa maiɗakina, "Ɗiyata, ki riƙa duba ruwan lagireto kullum da sahe." Sannan ya ba ta makullin.