Lanho da ƴan Nijar mazauna waje: abin da ke bin wanda ya tafi, da abin da ke faɗawa kan na gida

Daga cikin tambayoyin da masu saurarenmu ke yawan aiko mana, daga Abijan, Kumasi, Ikko, Tamanrasat, Makka, har Faransa da Amurka, akwai wannan: mutum yana zaune waje shekara da shekaru, can yake nema can yake ci, shin hukumar Nijar tana bin shi lanho? Amsar a taƙaice ita ce, Nijar ba ta bin guminka na can, amma tana bin abin da ka bari nan. Sunanka da ke cikin katin iyali, gidan da ka sa haya, shagon da ƙanenka ke tsaro, motar da ke ɗaukar fasinja da sunanka, kayan da ka aiko ta iyaka, duk waɗannan suna da haƙƙin hukuma a kansu, ko kana Maraɗi ko kana bayan teku. In kuwa ba ka shirya biya ba, wanda ka bari gida shi za a tsare da tambaya.

A tsarin Nijar, kamar na galibin ƙasashen duniya, abu biyu ake dubawa: inda mutum yake zaune, da inda dukiyar take ko inda aka samo kuɗin. Zama ɗan ƙasa kaɗai bai sa a bi ka haraji ba. Magini da ke aiki a Aljeriya, ko direban da ke ɗaukar albashi a Kwaddibuwa, ba ya da lanhon albashi da zai kawo ma hukumar haraji ta ƙasa, wadda aka fi sani da DGI. Ƙasar da yake aikin ita ke da wannan haƙƙi, in tana karɓa. Saudiyya da Dubai, misali, ba su cire harajin albashi. Sai dai ma'aikacin gwamnatin Nijar da aka tura ofishin jakadanci, shi tun daga Yamai ake cire nashi, don daga baitulmalin ƙasa albashin ke fitowa.

Kuɗin da ɗa ke aiko ma mahaifansa don hatsi, magani ko biki, ba a kiran wanda ya karɓa ya biya lanho a kansu. Cikin abin da ake cirewa wajen aikawa ta Nita, Al Izza, Amana ko wani kamfani akwai ladan aikawa, kamfanin kuma shi ke lissafin nashi da hukuma.

Kuɗin kai, wanda ake bi a ƙauye

Nan ne maganar ta fi shafar mutanenmu na karkara. Dattawa suna tuna bodo da jangali na zamanin Turawa da farkon mulkin kai, lokacin da ake shanya mutum a rana don bai biya ba, har wasu suka ƙetara Najeriya saboda gudun shi. Zamanin Seyni Kountché, bayan babban fari, aka soke wancan lanho na kai da na dabbobi. Abin da ya rage shi ne ɗan kuɗin da ke shiga asusun ƙaramar hukuma, wanda yau kwamin ke karɓa. A kwaminoni da dama na karkara an daɗe ana biyan sefa 700 kan mutum guda a shekara, wato dala ɗari da arba'in. A birane irin su Yamai kuɗin ya fi haka, sefa 1.500, dala ɗari uku kenan. Yara, ɗalibai, tsofaffi da naƙasassu ba su ciki.

Yadda ake karɓar shi ne ke jawo rikici. Ba mutum ɗaya ɗaya ake bi ba. Ma'aikatar magajin gari tana da rajistar ƙidaya, kowane mai gida yana da katin iyali, kuma duk wanda aka rubuta cikin katin ya kai munzalin biya, ana lissafa shi. Mai gari ko mai unguwa ke tarawa ya kai, a ba shi kasonsa. Shi mai gari jimilla aka ɗora masa, ba ruwan takarda da cewa wane yana Libiya. Mu ɗauki misali: gida mai mutum tara masu biya, huɗu sun tafi biɗa. Sefa 6.300 za a nema wajen mai gida, jaka shida da dala sittin, a ciki 2.800 na waɗanda ba su nan ne. Ga mai aiki a Abijan wannan bai kai kuɗin katin waya ba. Ga tsohon da damina ta ba baya kuwa, sai ya auni hatsin da ya kamata a ci ya kai kasuwa.

Wanda ya tafi cin rani, ya dawo da faɗuwar ruwa, ba shi da wata hujja: mazaunin garin ne, kuɗin na kansa. Wanda ya kwashe iyali ya koma waje gaba ɗaya yana iya neman a cire sunansa daga katin a lokacin da ake sabunta ƙidaya. Amma mu a ganinmu, a yi tunani kafin a yi haka. Katin iyali da resin biyan kuɗin suna cikin takardun da ake nema a ma'aikatar magajin gari in ana son wasu takardu, kuma da rajistar nan ake aiki ranar rabon taimako ko sayar da hatsi da rahusa. Ranar da aka zo gardamar gona, sunan da ya daɗe cikin rajistar gari yana taimaka ma mai shi. Ya fi sauƙi a haɗa kuɗin cikin saƙon bayan girbi, a ce ma baba ƙarara: wannan na lanho ne, a karɓo resi.

Gida, fili da shago

Ɗan Nijar in ya samu a waje, abu na farko gini ne a gida. Unguwanni da yawa a Tawa, Kwanni, Damagaram da Yamai da kuɗin ƴan waje aka tashe su. Gidan da iyalinka ke zaune ciki a matsayin mazauninsu daban ne, doka ta sassauta masa. Amma da zarar ka sa ɗan haya, kuɗin hayar sun zama abin da aka samu a cikin Nijar, kuma DGI na da kaso a ciki ko da mai gidan bai taka ƙasar ba tun da aka yi rufi. Ga gidan kwana, kason da aka saba shi ne 10 cikin 100 na kuɗin hayar. Gidan da ake haya jaka hamsin a wata yana kawo sefa 600.000 a shekara, lanhonsa 60.000. In an yi shekara biyar ba a biya ba, 300.000 kenan, kafin a ɗora tarar jinkiri. In kamfani, ƙungiya ko ma'aikatar gwamnati ce ke hayar, galibi su ke cire kason tun daga tushe su kai, sai dai a riƙa karɓar takardar shaidar cirewar daga hannunsu. Dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana iya taɓa waɗannan alƙaluma, shi ya sa a farkon shekara ya kamata wakilinka ya leƙa ofishin lanho na garin ya ji abin da ake ciki.

Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne, ɗan'uwan da aka bar ma amanar gida yana karɓar haya yana aikawa, ko yana kashewa kan hidimar dangi, takardar lanho in ta zo a sa ta ƙarƙashin katifa. Ba mugunta ba ce kullum, wani bai ma iya karanta Faransancin da ke ciki ba. Bashin kuwa yana kan sunan mai gida. Ba ya tashi sai ranar da za a sayar, ko a kai takardar gidan banki, ko mai shi ya rasu magada su zo canza suna.

Fili kuma, takardar da magajin gari ke bayarwa in an yanka parsel ba ita ce ƙarshe ba. Tana tafe da sharaɗin a gina cikin wa'adi, kuma babbar shaidar mallaka ita ce titir fonsiye, wanda ake biyan kuɗin rajista kafin a samu. In ka saya daga hannun wani, a yi rajistar cinikin a juya takarda zuwa sunanka. Barin ta da sunan wanda ya sayar, ko sa sunan ƙane «don yana kusa», shi ne mafarin shari'o'in da ke raba zumunci. Ga gona a ƙauye, tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, daga matakin gari har na kwamin da na gunduma, kuma su ke ba da takardar shaidar saye, gado, aro ko jingina. Mai tafiya mai nisa da ya bar gonarsa aro ba takarda, ya san abin da ya bari.

Shago, injin niƙa, motar haya da makamantansu, sana'a ce da ake yi a Nijar, don haka patanti na kanta, mota kuma ga binyet ta kowace shekara. Wanda harkarsa ta girma, yana shigo da kaya ko yana neman kwangila, sai da lambar mai biyan haraji, NIF. Mazaunin waje yana iya mallakar ta, ya kuma naɗa wakili da takardar wakilci wadda ofishin jakadanci ko kwansila ya buga ma hatimi.

A bakin iyaka ba a tambayar inda kake zaune. Mota ko kwantenar da ta sauka Lome ta biyo hanya, sai an biya duwan da harajin TVA, wanda yake 19 cikin 100 ga yawancin kaya, kuma tun 2025 ƙasashen AES sun ƙara rabin kashi ɗaya cikin 100 kan kayan da ke shigowa daga waje. Sassaucin da ake yi na mai dawowa gida ne baki ɗaya, kan kayan ɗakinsa da ya daɗe yana amfani da su, shi ma sai ya zo da takardar ƙaura daga kwansila. Wanda bai taɓa yin katin kwansila ba zai sha wuya wajen nuna cewa can yake zaune.

Asusun ceton ƙasa na FSSP da aka kafa a watan Oktoba na 2023, gudummawar da ƙungiyoyin ƴan Nijar na waje suka riƙa kai masa ta ganin dama ce. Kada a haɗa ta da lanho, kuma resinta ba ya biyan bashin gidan haya.

Kada a biya sau biyu

Matsalar tana tasowa ne in ƙasar da kake zaune ita ma tana son kasonta cikin abin da ka samu a Nijar. Tsakanin ƙasashe takwas na UEMOA, wato Nijar, Benin, Burkina Faso, Kwaddibuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo, akwai ƙa'idar da aka amince da ita a 2008: albashi a biya inda ake aikin, kuɗin hayar gida a biya inda gidan yake. Najeriya da Gana ba su cikin wannan ƙungiya, kuma Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, don haka ɗan kasuwar da ke da ƙafa ɗaya a Kano ɗaya a Maraɗi, kowane ɓangare da lissafinsa.

Da Faransa akwai yarjejeniya tun 1965, amma ranar 5 ga Disamba 2023 Nijar da Mali suka sanar da soke ta. Faransa kuwa tana neman mazauninta ya bayyana abin da ya samu ko'ina a duniya, har da asusun bankin da yake da shi a waje. Ma'ana, mai zaune a Liyon da ke da gidan haya a Yamai yana iya samun kansa ana bin shi nan, ana bin shi can, ba tare da waccan rumfa da ke kare shi a da ba. Haka tsofaffin ma'aikatan da ke zaune gida suna karɓar fansho daga Faransa.

Amurka ita ce ta fita daban, ita da Eritiriya mai karɓar 2 cikin 100 daga ƴaƴanta na waje. Amurka tana bin ɗan ƙasarta duk inda yake. Wannan ya shafi ƴan'uwanmu na Girinsboro da Niyok da suka samu takardar zama ɗan ƙasa ko koren kati, sannan suka dawo gida suka buɗe harka, ya kuma shafi yaran da aka haifa can aka kawo su nan suka girma. In abin da suke samu ya kai mizani, dole su cika takardar haraji kowace shekara, wa'adinta 15 ga Afrilu, mazauna waje ana ƙara musu zuwa 15 ga Yuni. Cikawa ba ita ce biya ba: abin da mutum ya samu da aikinsa a waje, har dalar Amurka 130.000 a shekarar 2025, ana iya yafe shi, kuma lanhon da aka biya a Nijar ana iya rage shi daga lissafin, in da resi a hannu. Wanda kuɗinsa a bankunan da ke wajen Amurka suka haura dala 10.000 ko da na yini guda ne, shi ma sai ya sanar, kuma tarar rashin sanarwar tana da nauyi.

Tun 1 ga Janairu 2026 kuma Amurka ta sa harajin 1 cikin 100 kan kuɗin da ake aikowa waje in tsaba aka kai ma kamfanin aikawa. Wanda ya aiko daga asusun bankinsa ko da katin banki, wannan haraji bai hau kansa ba.