Kwamfuta ɗaya, babbar manhaja biyu: yadda aka yi muka tsinci kanmu a nan

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, amma babu hoto babu bidiyo, ba zai ci muku data ba.

Shekaranjiya ina ɗakin karatu na kunna laftof ɗina, sai wani ƙanenmu ɗan aji biyu ya leƙo ya ga baƙin allo da rubutu layi biyu, Ubuntu a sama, Windows a ƙasa. Ya ce, "Yaya, ta lalace ne?" Na ce lafiyarta ƙalau, tambayata take yi da wacce za mu yi aiki yau. Ya yi dariya ya ce ai wannan neman wahala ne, me ya sa mutum ba zai zaɓi ɗaya ya huta ba? Na ba shi amsa a gajarce, amma ni kaina ban gamsu da ita ba. Maganar tana da tarihi, kuma wani yanki na tarihin a nan Kafanchan ya faru.

Ga wanda bai sani ba, babbar manhaja ita ce wadda take tashi da farko idan ka kunna kwamfuta, ita ke kula da allo da madannai da ma'adanar fayiloli, sauran manhajoji irin su Word duk a kanta suke zaune. Windows babbar manhaja ce. Linux ma haka, kuma Ubuntu ɗaya ce daga cikin ire-irenta. Ana iya raba ma'adanar kwamfuta gida biyu, kowace ta ɗauki nata ɓangaren, sai wata 'yar manhaja mai suna GRUB ta riƙa tambayarka a farkon tashi. Baƙin allon da yaron ya gani ke nan.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne tun ranar farko Linux a gidan haya ta taso. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ɗan shekara 21, ya sayi kwamfuta da bashi. Da MS-DOS na Microsoft ya fara amfani da ita, kafin ya ɗora Minix, wata ƙaramar babbar manhaja da ake koyar da ɗalibai da ita. Da ta gaza yi masa abin da yake so, sai ya fara rubuta tasa, ya sanar da duniya a watan Agusta na wannan shekarar. Aikinsa ya haɗu da manhajojin GNU da Richard Stallman ya faro tun 1983, aka samu cikakkiyar babbar manhaja kyauta, wadda kowa ke da izinin kwafa da gyarawa. Amma ɗaliban da suka fara ɗaukarta ba masu kuɗin sayen kwamfuta biyu ba ne, kuma ba za su iya rabuwa da DOS ba. Sai suka raba ma'adana. Wato talaucin ɗalibi da bukatar aiki ne suka yaɗa wannan ɗabi'a, ba son burgewa ba.

Mu a nan, kwamfuta ta shigo hannun talaka ne a zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001. Yayyenmu da suka yi zamanin kafe za su ba ku labari: kwamfutocin hannu da aka gama amfani da su a Turai, faifan Windows na jabu a kasuwa, da kuma bairos. Ni na riski ƙarshen wannan zamani. Ka kai filashinka shagon buga takardu, ka dawo ka tarar duk fayilolinka sun ɓace, sai wasu 'yan alamomi marasa amfani. Da yawa daga cikin masu gyara sun fara sanin Linux ne ta wannan hanya. Wannan bairos ɗin ba ya aiki a kanta, don haka da ka sa filashin sai ka ga fayilolin da aka ɓoye suna nan, ka kwashe abinka.

A daidai wannan lokaci, a unguwar Bayan Loco da ke Kafanchan, gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma John Dada yana cikin jagororinta, tana ba mata ƙananan rance tana kuma koyar da kwamfuta. Sun gano da wuri cewa kwamfutar da aka ƙera don ofis mai sanyi a Ingila ba ta daɗewa a nan, saboda abu uku: zafi, ƙura, da rashin tsayayyar wuta. Har suka haɗa hannu da wani kamfanin Ingila mai suna ExpLAN kan wata kwamfuta da suka kira Solo, mai cin wuta kaɗan, da za ta iya aiki da hasken rana. Daga baya suka kafa ZittNet, hanyar intanet mara waya da ta haɗa cibiyoyi a cikin gari da kewaye. Solo ba ta cika kasuwa ba, amma tambayar da suka yi ita ce har yau muke yi: wace irin kwamfuta ce za ta yi aiki a yanayinmu da aljihunmu?

A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu. Kamfaninsa ya riƙa aika faifai kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema, har zuwa 2011. A ƙasar da sauko da babban fayil daga intanet kan ɗauki kwana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Faifai ɗaya yakan zagaya hannu goma.

Shekarar 2007 kuwa ita ce ta fito da rigimar fili a Najeriya. An gwada shirin nan na ba kowane yaro laftof, wato OLPC, a wata firamare da ke Galadima a Abuja, kuma 'yan korayen kwamfutocin da Linux suke aiki. A wannan shekarar dai aka yi cinikin kwamfutocin Classmate na Intel guda 17,000 don makarantu, ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Sai labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi. Microsoft ta musanta yin wani abu da ya saɓa doka, daga baya kuma rahotanni suka ce ɓangaren gwamnati da ke biyan kuɗin ya ce a bar Linux. A 2008 shi kansa shirin OLPC ya amince a ɗora Windows XP a kan kwamfutocinsa, har da maganar a sa su biyun tare. Kun ga ke nan ko manya da suka yi ta jayayya, ƙarshe a kan raba gida suka tsaya.

To me ya sa har yanzu? Bari in faɗi nawa dalilin. Digirina na biyu a kan gonakin citta nake yi a yankin Kwoi da Kachia, ina duba yadda filayen suka canza bayan annobar da ta cinye citta a kudancin Kaduna a 2023. Ina amfani da hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda ake samu kyauta, da QGIS da R. Gaskiya ita ce duka biyun suna aiki a Windows, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma laftof ɗina ta hannu ce, ta tsufa, RAM ɗinta 4GB. A Windows, kafin in buɗe komai an riga an cinye fiye da rabin ƙarfinta. A ɗaya ɓangaren kuwa nakan bar ta tana lissafi da daddare, in tashi in tarar ta gama. Sannan ba ta taɓa shanye mini data da sabuntawar da ban nema ba, sai na ce ta yi take yi. Wanda ke sayen data da kuɗin abincinsa ya san abin da nake nufi.

Duk da haka ba zan iya goge Windows ba, kuma a nan ne masu zafin son Linux suke ƙin faɗin gaskiya. Sufabaiza na a Word yake gyara aiki. Na taɓa rubuta babi a LibreOffice na tura, da aka buɗe sai jadawali ya goce, lambar shafi ta rikice, aka dawo mini da shi ko karantawa ba a yi ba. ArcGIS da ake koyarwa a aji a Windows yake aiki. Abokanmu na zanen gini ba su da Revit sai a Windows. Firintar shagon buga takardu da na'urar ɗaukar zanen yatsa ta wurin rajista, galibi Windows suka sani. Don haka rabon aikin a fili yake: ɗaya ina riƙe ta don mutane da ofisoshi, ɗayar don ita kanta na'urar ta iya ɗaukar nauyin aikin. Duk wanda ya ce ka zaɓi ɗaya, ka tambaye shi ko zai saya maka sabuwar kwamfuta, ko zai canza maka tsarin sashenku.

Akwai dalili na uku, wanda ban san darajarsa ba sai bara. Saura kwana biyar in gabatar da semina, na ɗan kwana biyu a ƙauye wajen Nok ina ɗaukar bayanan gonaki, na dawo na kunna Windows sai ta shiga sabuntawa. Batirina ya daɗe da mutuwa, ana cikin haka aka ɗauke wuta. Da aka kawo, ta ƙi tashi. Wallahi zufa ce ta keto mini, don babi na uku da bayanan manoma sama da wata biyu duk suna ciki, ban ajiye su ko'ina ba. Na kai wani shago, mai gyaran ya ce sai dai a goge komai a sake ɗorawa. Na ce ya dakata. Na koma ɗaki na shiga ta Ubuntu, na buɗe ɓangaren Windows, na kwashe komai zuwa filashi cikin minti ashirin. Daga nan na ce ya goge abin da zai goge. Da ƙofa ɗaya gare ni, da watakila yanzu ina bin manoma gida-gida ina ba su haƙuri su sake amsa tambayoyi.

Kada kuma in sa ku ɗauka babu wahala. Akwai. Mafi ban haushi shi ne agogo. Linux tana ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida. Tunda Najeriya tana gaba da awa ɗaya, idan ka fito daga Ubuntu ka shiga Windows sai ka ga agogo ya koma baya da awa guda. Na taɓa makara ganawa da sufabaiza saboda haka, kuma ban iya yi masa bayani ba, haƙuri kawai na ba shi. Ana gyara shi da saiti ɗaya, amma sai ka sani. Haka nan tun zuwan Windows 8 a 2012 da tsarin tsaron tashi, ɗora ta biyu ya ƙara wuya a wasu kwamfutoci, kuma a Agustan 2024 wata sabuntawar Windows ta hana Linux tashi a na'urori da dama masu manhaja biyu. Ita Microsoft tun 2016 ta buɗe hanyar gudanar da Linux a cikin Windows, kuma mai sabuwar kwamfuta wannan ya ishe shi. Mai tsohuwa kuwa ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya gaji.

Abin da ya sa na ga ya kamata mu yi maganar nan yanzu shi ne ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, sai dai wani shirin ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. An yi haka da XP a 2014, aka yi da Windows 7 a 2020. Bambancin wannan karon shi ne Windows 11 tana bukatar wani guntun tsaro, TPM 2.0, da injin da bai tsufa ba, kusan daga na 2018 zuwa sama. Ku duba laftof ɗin da ke ɗakunan kwananmu, nawa ne suka cika wannan sharaɗi? Za su ci gaba da tashi, amma ba za a riƙa toshe musu sababbin ɓarakar tsaro ba, kuma a kansu muke shiga banki da shafin makaranta. Shawarar da ni na yanke ita ce intanet da banki da lissafi su koma ɓangaren Linux, Windows kuma in bar ta don Word da abin da ya zama dole.

Idan za ka gwada, ga abin da na koya da wuya. Ka kwafe aikinka wuri biyu kafin ka taɓa komai. Ka fara gwada Ubuntu ko Linux Mint daga filashi ba tare da ɗorawa ba, ka ga ko waifai da sauti suna aiki. Kada ka yi shi a makon jarrabawa ko daf da kare kundi. Wurin raba ma'adana ka nemi wanda ya taɓa yi ya zauna kusa da kai, don zaɓi ɗaya na kuskure yana share komai. Kuma idan kwamfutarka sabuwa ce tana yi maka aiki lafiya, ka bar ta, ba dole ba ne.

Ranar da nake Nok wani dattijo ya raka ni gefen gonarsa, muna hira kan mutum-mutumin laka da aka fara tonowa a wurin haƙar kuza a 1928. Na tuna abin da aka koya mana, cewa a wuraren al'adar Nok an samu gatarin dutse, an kuma samu shaidar narkar da ƙarfe. Sabon kayan aiki bai kori tsoho rana ɗaya ba, mutane sun riƙe abin da ke biya musu bukata. Mu ma haka muke yi, babu abin kunya a ciki.

Ƙanen nan nawa ya ce zai kawo tasa ranar Asabar. Na ce ya zo da filashi biyu, ɗaya na ɗorawa, ɗaya na ajiye aikinsa. Duk mai bukata ya zo mu haɗu a ɗakin karatu bayan la'asar. Allah ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya.