Daga Wuƙar Mahauci Zuwa Na'urar Hoton Ciki: Tarihin Gane Tsutsar Hanta a Ƙasar Kazaure da Kewayenta

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda aka riƙa gane tsutsar nan mai kama da ganye da ke zama cikin magudanan matsarmama na shanu da tumaki, wani lokaci har da na mutane.

Mahautan Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa sun daɗe da saninta, sai dai ba sa ganinta sai bayan an yanka dabba an tsaga hanta. A ƙasashen Turai ma haka abin ya faro. Jean de Brie ya bayyana ta a tumakin Faransa a 1379. A 1855 Cobbold ya raɗa wa irin da ke ƙasashenmu suna Fasciola gigantica, bayan an same ta a hantar raƙumin dawa. Tsakanin 1881 da 1883 kuwa Leuckart a Jamus da Thomas a Ingila suka tabbatar da cewa sai ta bi ta jikin dodon koɗi na ruwa kafin ta maƙale a ciyayin fadama.

Mataki na biyu shi ne neman ƙwayayenta cikin bayan gida da madubin likita. Wannan hanya tana da rauni biyu. Tsutsar ba ta fara yin ƙwai sai bayan wata uku zuwa huɗu. Kana wanda ya ci hantar dabba mai cutar, a kan ga ƙwayayen a bayan gidansa alhali lafiyarsa lau.

Mataki na uku ya samo tushe daga aikin da Ian Donald ya wallafa daga Gilasgo a 1958, watau ɗaukar hoton ciki da amo. Da wannan na'ura likita kan ga kaurin bangon magudanan, a wasu lokuta har da tsutsar tana motsi, mai ita yana raye.

Abin da ya sa batun ya shafe mu shi ne madatsun ruwa da aka gina a tsohuwar Jihar Kano tun daga zamanin Audu Bako, domin ruwa kwance shi ne gidan dodon koɗi. Cutar tana da magani, watau triclabendazole, amma sai an gane ta tukuna. Don haka muna ganin ya kamata mai fama da shawara da ciwon gefen dama, in mazaunin bakin fadama ne, a duba magudanan matsarmamarsa kafin a sallame shi.