Sansanin Casey: zaman makokin da ya koma adawa da yaƙin Iraƙi

Sansanin Casey wani zaman dirshan ne da wata uwa Ba'amurkiya, Cindy Sheehan, ta soma ranar 6 ga watan Ogusta 2005 a bakin hanyar gonar shugaba George W. Bush a garin Crawford, jihar Texas. Sunan ɗanta ne aka ba sansanin, wato Casey, sojan da aka kashe a Bagadaza ranar 4 ga Afrilu 2004.

Buƙatarta dai guda ce: shugaban ya fito ya faɗa mata dalilin da ɗanta ya mutu a kai. Bush bai fito ba, sai ya turo manyan jami'ansa. To, nan fa iyayen sojoji da tsofaffin sojoji suka yi ta zuwa, suka kafa tantuna, suka jera fararen gicciye ɗauke da sunayen mamatan. Ranar 17 ga watan, jama'a suka kunna kyandir a garuruwa da dama na Amurka don mara mata baya.

Zaman ya kai ƙarshen watan. Yaƙin bai tsaya ba, amma ya tilasta ma Amurkawa ƙirga gawarwakin ƴaƴansu a bainar jama'a.