Ƙaramar Kwaleji: Ma'anarta da Matsayinta a Ilimi Mai Zurfi

Ƙaramar kwaleji makaranta ce ta gaba da sakandare wadda akasari ake kammala karatunta cikin shekara biyu. Ba ta da dangantaka da ƙaramar sakandare da aka sani a Najeriya, duk da kamar da sunayen suka yi. Ɗalibin da ya fito daga cikinta yakan samu ƙaramin digiri, wanda zai iya neman aiki da shi, ko kuwa ya wuce jami'a ya fara daga aji na uku.

A Amurka tsarin ya samo asali. A ƙarshen ƙarni na 19 wasu shugabannin jami'o'i, musamman William Rainey Harper na Jami'ar Shikago, suna ganin shekaru biyun farko na digiri ci gaban sakandare ne kawai, kuma suna cinye wa jami'a lokacin da ya kamata ta ba bincike. Harper ya raba jami'arsa gida biyu a 1892, daga baya ya raɗa wa ɓangaren ƙasa suna ƙaramar kwaleji. A 1901, shi da J. Stanley Brown, shugaban sakandaren garin Joliet a Jihar Illinois, suka buɗe wani shiri da ɗalibai shida. Shi ne ya zama Kwalejin Joliet, wadda ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa cikin irin waɗannan kwalejoji na gwamnati.

Abin lura shi ne, tun fil azal niyya biyu ce ta haɗu wuri guda: buɗe wa ɗan talaka ƙofar karatu kusa da gida, da kuma rage wa manyan jami'o'i cunkoso. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, rahoton kwamitin da Shugaba Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947, ya yaɗa sunan kwalejin al'umma. Sannu a hankali yawancinsu suka koma amsa wannan suna, suka kuma faɗaɗa aikinsu zuwa koyar da sana'o'i kamar aikin jinya, gyaran injuna da ilimin kwamfuta, har da darussan yamma ga magidanta masu aiki da rana.

Kuɗin makaranta kaɗan ne idan aka gwada da na jami'a, kuma galibinsu na karɓar duk mai takardar kammala sakandare. Sai dai nan ne gizo ke saƙa. Da yawa daga cikin masu shiga da burin wucewa jami'a ba sa kaiwa, wasu kuma jami'ar ba ta amincewa da dukkan darussan da suka ci. A 1960 masanin zamantakewa Burton Clark ya yi bayanin yadda kwalejin ke sanyaya gwiwar ɗalibi cikin ruwan sanyi har ya haƙura da digiri, muhawarar da ba ta mutu ba har yau.

Sunan ba ya nufin abu ɗaya a ko'ina. A Japan, inda aka fara su a 1950, mata ne suka fi yawa a cikinsu. A Singafo da Jihar Maharashtra ta Indiya kuwa, shekaru biyun sharar fage ne kafin jami'a. Mafi kusa da hakan a Najeriya shi ne shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ke bai wa ɗalibi damar shiga aji biyu kai tsaye.